Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Majalisar Dokokin Faransa: Ku Auna Zafinmu Da Mudun Da Kuke Auna Naku

Masu girma 'yan majalisa,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, ni malamin makaranta ne a Damagaram, garin da taswirarku take kira Zinder. Na koyi harshenku tun ina ɗan ƙaramin yaro, kuma da shi nake cin abinci har gobe. Amma wannan takarda da Hausa na rubuta ta, domin da Hausa maganar ta fara yi mini ciwo. Ba ku rasa masu fassara ba.

Zan fara da ranar Juma'a, 16 ga Janairun 2015. Kwana biyu kafin nan jaridar barkwanci ta ƙasarku, Charlie Hebdo, ta fito da sabon bugu, a bangonsa an sake yin zanen da aka ce wai Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ana sallame sallar Juma'a gari ya ɗau zafi. Kafin la'asar hayaƙi ya turnuƙe sama, an cinna wa cibiyar raya al'adu ta Faransa wuta, an bi coci-coci da shagunan Kiristoci. Washegari wutar ta isa Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu, an ƙona coci gommai, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku.

Maƙwabcina tela ne, Kirista, mun shekara fiye da goma katanga ɗaya ta raba mu. Shi yake ɗinka wa 'ya'yana kayan salla, kuma bai taɓa saɓa mini alkawarin daren salla ba. A wannan yammacin matarsa ta shigo gidana ta ƙofar baya, goye da jariri, tana jan yara biyu, ko takalmi babu a ƙafarta. Maiɗakina ta yafa mata mayafinta, ta shigar da su ƙuryar ɗaki. Ni kuwa na zauna a zaure da carbi a hannu, duk wanda ya leƙo in ce masa babu kowa sai iyalina. Kekensa na ɗinki da yadukan mutane da ke shagon duk suka ƙone. Mutumin nan bai taɓa ganin jaridar da ido ba. Bai san ma sunanta ba sai a wannan rana.

A daren nan kuma, a ɗaya ɗakin, mahaifiyata ce zaune, Allah Ya jiƙanta. Tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta san inda Paris take ba. Ta ji labarin a rediyo, sai ta tambaye mu: "Wai me suka zana?" Babu wanda ya iya buɗe baki. Ta yi shiru, can ta ce: "Me ya yi musu?" Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta kwana a kan buzunta tana salati, hawaye na bin kuncinta. Ba ta jefi kowa ba, ba ta ƙona komai ba, ita ce ma ta dama wa yaran maƙwabcin kunu da asuba. Babu kyamarar da ta ɗauki hotonta. Masu ƙone-ƙone kuka gani a talabijin, amma irinta sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma saboda su nake rubuto muku.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ba zan taka namu ba. Abin da aka yi wa maƙwabcina zalunci ne tsantsa. Kisan mutum 12 da aka yi ranar 7 ga Janairun 2015 a harin ofishin jaridar ta'addanci ne, haka yankan rago da aka yi wa malamin makaranta Samuel Paty, wanda ya nuna zanen jaridar a aji, ranar 16 ga Oktoban 2020, da mutum uku da aka kashe a cocin birnin Nice bayan kwana goma sha uku. Addinina ya koya mini cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma hukunci aikin hukuma ne, ba na wanda ya ɗauko wuƙa a titi ba. Annabin da ake cewa don shi aka yi, an jefe shi a Ɗa'ifa har jini ya cika takalmansa, amma bai yarda a halaka mutanen garin ba. Ina kuma tuna muku cewa ɗan sandan da maharan suka ƙarasa a gefen titi, Ahmed Merabet, Musulmi ne. Lassana Bathily, ɗan Mali da ya ɓoye mutane a shagon Yahudawa ranar 9 ga Janairu, shi ma Musulmi ne. Na faɗi wannan a gaban ɗalibaina, na faɗa a majalisar unguwa lokacin da faɗarsa ke da haɗari. Don haka kada a karanta sauran wasiƙar nan a matsayin neman uzuri ga mai zubar da jini.

Yanzu ga abin da ya kawo ni.

Kullum aka yi irin wannan, amsa ɗaya muke ji daga gare ku: 'yancin faɗin albarkacin baki ne, kuma a ƙasarmu ba a taɓa shi. Da haka abin yake, da na ce al'adarku ce, na kama bakina. Amma na karanta dokokinku, kuma ku kuka rubuta su. A 1990 majalisarku ta kafa dokar Gayssot, wadda ta sa musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa ya zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa. A watan Fabrairun 2006, watan da jaridun Turai ke rige-rigen sake buga zane-zanen ɓatanci ga Annabi da aka fara bugawa a Denmak da sunan 'yanci, a wannan watan wata kotu a Ostiriya ta yanke wa Bature ɗan Ingila David Irving ɗaurin shekara uku saboda maganganun da ya yi a kan wannan kisan. Ban ga laifin wannan doka ba. Mutanen da aka hallaka miliyan shida daga cikinsu sun cancanci a hana kowa yi wa kaburburansu dariya. Abin da dokar ta nuna mini shi ne kun san cewa magana zarar bunu ce, kun san tana yanka, kuma kun san yadda ake yi mata shinge idan ciwon ya shafi wanda kuke jin ciwonsa.

Ita kanta Charlie Hebdo ta san da shingen. A 2008 ta kori tsohon mai zanenta Siné saboda wani rubutu da ya yi a kan ɗan Shugaba Sarkozy, wanda aka ce ya taɓa Yahudawa. Kotu ta wanke shi daga baya, amma korar ta riga ta nuna cewa a gidan jaridar akwai layin da ba a tsallakewa. Jaridar Jyllands-Posten ta Denmak, wadda ta fara wannan fitina da zane 12 ranar 30 ga Satumban 2005, an kai mata zanen barkwanci a kan Annabi Isa a 2003 ta ƙi bugawa, editan ya ce zai tayar da hankalin masu karatu. Da ma mu ba ma so a zana Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, domin Musuluncin mutum ba ya cika sai ya yi imani da shi. Amma ku dubi yadda aka yi tunanin zuciyar masu karatu a can, aka manta da ita a nan.

Na san amsar da masananku na shari'a suke bayarwa, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa doka mutum take karewa, ba ta kare aƙida. Ka zagi Musulmi don shi Musulmi ne, dokar 1972 da ta hana cin zarafin mutum saboda asalinsa ko addininsa za ta kama ka. Ka zagi Musulunci ko Annabinsa, wannan ra'ayi ne. A kan wannan ne kotun Paris ta wanke Charlie Hebdo, wadda ta sake buga zane-zanen Denmak, a watan Maris na 2007, a ƙarar da Babban Masallacin Paris da wata ƙungiyar Musulmi suka shigar. Amma kotun da bakinta ta yarda cewa zanen nan da aka ce wai Annabi ne da rawani mai bam, idan aka ɗauke shi shi kaɗai, zai iya zama cin zarafi ga duk mabiya addinin. To ai haka yake isowa gare mu, shi kaɗai, a fuskar waya, babu sharhin da ke kewaye da shi. Kuma me zanen yake cewa? Cewa yake tushen addinin ta'addanci ne, ke nan duk mai bin sa abin tsoro ne. Yaron da ake kira Muhammad a makarantar wata unguwa ta bayan Paris, shi zai ɗauki wannan kaya washegari, ba aƙida ba.

Sannan ina tambaya: tuta mutum ce? A watan Oktoban 2001 'yan kallo sun yi wa taken ƙasarku ihu da fito a wasan ƙwallon Faransa da Aljeriya. Ranku ya ɓaci, kuma a 2003 kuka kafa doka: wanda ya wulaƙanta tutar Faransa ko takenta a taron da hukuma ta shirya zai biya tarar Yuro 7,500, in a cikin gungu aka yi har da ɗaurin wata shida. Ƙyalle ne mai launi uku, ba ya jin zafi, ba ya kuka. Kun kare shi ne saboda kun san akwai miliyoyin mutane da mutuncinsu ke ɗaure da shi, waɗanda kakanninsu suka mutu a ƙarƙashinsa. Wannan shi ne abin da muke ta ƙoƙarin gaya muku shekara da shekaru.

Bari in gwada nuna muku matsayin wannan bawan Allah a gidan Bahaushe, ko da yake harshe ba zai kai ba. Ranar da aka haifi yaro, kafin ya san nonon uwarsa sosai, an yi masa kiran salla a kunne, sunan Annabi na ciki. Ku zaga unguwarmu ku ƙirga Muhammadu da Mamman da Mahamadu da Amadu da Mustafa, da Amina da Hadiza da A'isha da Faɗimatu: gidansa muka kwashe sunaye kaf. In mace ta firgita, salati ne ke fara fita daga bakinta. In faɗa ya kaure a kasuwa, mutum biyu sun shaƙe wuyan juna, sai wani dattijo ya ce "ku yi wa Annabi salati", ka ga hannaye sun saki. Mai bin bashi ya zo da zafinsa, a ce masa "don darajar Annabi ka ƙara haƙuri", ya juya ya tafi. Almajiri da sunansa yake bara, makaho da begensa yake waƙa, mai gargarar mutuwa da shaida masa ake so ya cika. Ku kuna ganin wani mutum ne na tarihi da ya rayu a ƙarni na bakwai, kamar yadda ake karanta sarakunan da. Mu kuwa ya fi mana uwa da uba. Fafaroma Francis ya gane wannan. A cikin jirgi, a wannan watan na Janairun 2015, ya la'anci kisan, sannan ya ce ko amininsa ne ya zagi mahaifiyarsa to ya saurari naushi, ya ƙara da cewa ba a yi wa imanin mutane izgili.

Kada ku ɗauka ba mu san wasa ba. Ƙasata ce ke da wasan taubasai da na ƙabilu wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014. Bafulatani da Babarbare su haɗu a tasha, kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, a yi ta sheƙa dariya. A watan azumi yara na tashe, su manna gemun auduga, su ɗaura rawanin tsumma, su kwaikwayi malam, malaman na kallo suna ba su sadaka. Maroƙanmu sun yi wa sarakuna da attajirai zambo tun kafin a kafa jarida a ƙasar nan. Sai dai wasan yana da ƙa'ida. Duka ɓangarorin biyu ke dariya, kuma ba a kai shi kan uwar mutum ko abin da yake bauta wa. Ranar da ɗaya ke dariya ɗaya na share hawaye, sunansa ya tashi daga wasa. Alƙur'ani ma ya ɗaure mu da irin wannan a Suratul An'am, aya ta 108, inda aka hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa.

Na koyar da tarihinku, na san inda tsoronku ya samo asali. Na san labarin matashin nan La Barre da aka fille wa kai a Abbeville a 1766 bisa zargin saɓo, na san gwagwarmayar da ta kai ga dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati. Waɗanda suka yi wa limaman coci zambo a wancan zamani jarumai ne, domin cocin na da kotu, na da kurkuku, na da sarki a bayanta. Musulmin Faransa na yau me yake da shi? Jikan wanda aka kwaso daga Aljeriya ko Mali ko Senegal ne don ya yi gini da shara da aikin masana'anta. 'Yarsa ba ta shiga makarantar gwamnati da ɗankwalin hijabi tun 2004, a 2023 aka ƙara da abaya. Wanda ya harbi giwa da wanda ya taka kiyashi ba su zama ɗaya ba don kawai dukansu sun ce farauta suke. Kuma shi wannan Babban Masallaci na Paris da ya kai ƙara aka kore ta, an buɗe shi ne a 1926 don tunawa da dubban sojoji Musulmi da suka mutu suna kare Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai ba jaridar ba ce. Jarida 'yan kasuwa ce, kowace ƙasa tana da marasa kunya. A Fabrairun 2006 Shugaba Jacques Chirac ya fito ya yi tir da tsokana ta ganganci, ya ce a guji abin da zai raunata imanin wasu. Bai rufe jarida ba, bai ɗaure kowa ba, amma mun ji cewa gwamnati daban, masu zane daban. A Oktoban 2020 kuwa, wajen jana'izar girmamawa ta Samuel Paty, Shugaba Macron ya ce Faransa ba za ta bar zane-zanen ba, kuma a ranar aka haska zanen jaridar a jikin gine-ginen gwamnatin yanki a Toulouse da Montpellier. Na fahimci baƙin cikin da ake ciki, ni ma malami ne, kisan ya girgiza ni. Amma daga wannan rana abin da ke sa mahaifiyata kuka ya tashi daga shafin jarida ya hau bangon hukuma. An ɗauki alhakin mai kisa ɗaya an raba wa mutum kusan biliyan biyu. Daga baya Shugaban ya gaya wa tashar Aljazeera cewa ya fahimci ɓacin ran Musulmi, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Masu ɗaukar yaranmu zuwa daji kuwa sun samu abin da suke nema, domin babu hujjar da ta fi musu wannan sauƙin sayarwa.

Maƙwabtanku sun fara sake tunani. Denmak ta soke dokarta ta saɓo a 2017. Da aka yi ta ƙona Alƙur'ani a Kopenhagen da Stockholm a 2023, har da wanda aka yi a ƙofar babban masallacin Stockholm ranar Babbar Salla, 28 ga Yuni, majalisar Denmak ta zauna ranar 7 ga Disamba ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da ƙuri'a 94 a kan 77, hukuncin ya kai ɗaurin shekara biyu. Denmak ba ta daina zama ƙasar dimokuraɗiyya ba. Kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, wadda ke zaune a ƙasarku a Strasbourg, ta yanke a 2018 cewa Ostiriya ba ta tauye 'yancin wata mata ba da ta ci ta tara kan ɓatanci ga Annabi. Amma ranar 12 ga Yulin 2023, da kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin yin tir da ƙona Alƙur'ani da ƙiyayyar addini, ƙasashe 28 suka amince, 7 suka ƙaurace, 12 suka ƙi. Faransa na cikin sha biyun.

Ba na roƙonku ku hana sukar addinina. A rubuta littattafai, a yi muhawara, a tambayi malamanmu tambayoyi masu zafi, a soki shugabannin ƙasashen Musulmi da ke fakewa da addini suna danne talakawa, mu ma muna sukarsu. Malamanmu sun shekara fiye da dubu suna amsa wa masu musu da hujja. Amma zana mutum tsirara don a ƙona zuciyar masu ƙaunarsa ba ya ɗauke da tambayar da za a amsa. Abin da nake roƙo shi ne ku zauna a zauren nan naku, ku gayyato Musulmin ƙasarku, limamai da likitoci da direbobin tasi, ku saurare su kafin wata fitinar ta taso, kada ku yi irin na Firaministan Denmak Anders Fogh Rasmussen da jakadun ƙasashe 11 suka nemi ganinsa a Oktoban 2005 ya ƙi. Ku duba ko dokarku ta 1972 ba ta isa ta kama zanen da ke maida al'umma guda 'yan ta'adda ba. In kun ga ba za ku taɓa doka ba, to aƙalla hukuma ta cire hannunta: kada a sake haska irin wannan a bangon gwamnati, kuma shugabanninku su iya buɗe baki su ce abu halal ne a doka amma abin kunya ne, kamar yadda Chirac ya yi.

Namu aikin muna kansa. Bayan wutar 2015 mun yi karo-karo a unguwa mun saya wa maƙwabcina wani keken ɗinki, na hannu ne, bai kai wanda ya ƙone ba. Ya karɓa ya yi godiya, amma bayan shekara ɗaya ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Duk shekara in na zo darasin 'yancin ɗan'adam sai na ba ɗalibaina labarinsa, in gaya musu cewa wanda ya ƙona shagon nan bai kare Annabi ba. Suna saurare, suna yarda. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, to su me ya sa tutarsu ke da doka, Annabinmu ba shi da ita?" Shekara nawa ke nan ana yi mini wannan tambaya, ina cewa su bari zan bincika. Ku ne kuka rubuta dokar, don haka na miƙo muku tambayar, kuma duk amsar da kuka bayar zan karanta musu ita a aji yadda take.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar.